Ban Yarda Ba

Duk wanda ya san ni a layin 'yan atamfa na Kasuwar Kure ya san kalmata ta farko. Dillali zai sauke kaya ya faɗi kuɗi, kafin ya rufe baki na ce, "Ban yarda ba." Ba wai na duba kayan ba ne. Haka ake buɗe ciniki. Ki ƙi duka tukuna, shi ma ya ƙi, ku yi ta ja har ku haɗu a tsakiya, a rabu ana dariya. Shekara goma sha ɗaya ina cin abinci da wannan kalma, har Madam Rose mai shagon leshi da ke manne da nawa ta daina kira na Mubina, sai Hajiya Ban-yarda-ba. Ban taɓa zaton akwai wurin da za a rubuta ta a takarda a buga mata hatimi ba.

Mahaifina, Malam Ishaku, tsohon ma'aikacin reluwe ne. Shekara talatin da biyu ya yi a tagar sayar da tikiti ta tashar jirgin ƙasa ta Minna kafin ya yi ritaya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake ce mini. A bara numfashi ya fara yi masa wuya. Daga ɗaki zuwa masallacin layinmu a Barkin Sale sai ya tsaya sau biyu yana dafa bango. Likita ya ce wata 'yar ƙofa ce a cikin zuciyarsa ta daina rufuwa daidai, kuma aiki take so. Muka sayar da filinsa na Ketaren Gwari, muka biya wani asibiti a Alƙahira, suka ba mu rana: Litinin, ƙarfe takwas na safe. Likitanmu na nan ya dube ni ya ce, "Hajiya, kada ku wuce wannan ranar." 

Abin da ya rage daga kuɗin filin muka mayar dala, muka zuba a asusu mai kati. Daga ciki za mu sayi tikitin mutum biyu, ni da shi, sauran kuma na masauki ne da magani bayan aiki.

Saura mako guda cif, ranar Litinin da hantsi, na zauna a shago Rose na karanta mini Turancin da ke wayata, ina cike suna da lambar fasfo. Jirgin Asabar daga Abuja muka zaɓa. Sau ɗaya na danna wurin biya, Allah ne shaidata, Rose ma shaida ce. Waya ta yi ƙara, alat ɗin banki ya shigo, dala dubu ɗaya da ɗari huɗu da sittin sun fita. Na ce alhamdu lillahi, na miƙe zan auna wa wata mata yadi shida.

Ko almakashi ban ɗauka ba wayar ta sake ƙara. Kuɗi iri ɗaya, sunan kamfani iri ɗaya, minti uku tsakani. Tikitinmu kuwa sau ɗaya ya iso ta imel.

Kuɗin masaukinmu da maganin Baba ke nan suka tashi. Na kira kamfanin jirgin, suka sa mini kiɗa har katin wayata ya kusa ƙarewa, sannan wata ta ɗauka ta ce su a wajensu sau ɗaya suka ga kuɗi, in je bankina. Na bar wa Rose shago na tari keke, ko mayafi ban gyara ba.

A banki aka tura ni teburin wani mai suna Jiya. Banufe ne mai fara'a, Hausarsa irin ta cikin gari, mace ko namiji duk "ka" yake ce wa mutum.

"Madam, ka zauna, ka sha iska tukuna. Mene ya faru?"

Iska kuwa! Na dangwara masa waya a kan tebur. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na faɗi asibiti, na faɗi fili, na faɗi cewa talaka ba shi da gata a ƙasar nan. Mutanen da ke layi suka juyo suna kallo. Jiya ya jawo wani fom ya ɗauki biro.

"To, wannan kudi da an cire, kai ka yarda aka cire?"

"Ban yarda ba!"

"Duka biyu din?"

"Malam, na ce maka ban yarda ba."

A raina ciniki na buɗe. Na ƙi duka, su ce to za su mayar da rabi, in ce shi ke nan, dama rabin nake nema. Shi kuwa ya duƙa ya yi alama a wani ɗan akwati, ya nuna mini inda zan sa hannu, na sa ban karanta ba. Ya ce za su rufe katin saboda tsaro. Har godiya na yi masa, don a tunanina hakan zai hana a cira karo na uku. Na koma kasuwa ina ba Rose labarin yadda na gyara musu zama.

Ranar Laraba da safe saƙo ya shigo daga kamfanin jirgin. Na miƙa wa Rose tana cikin cin ƙosai. Ta karanta, ta daina tauna, ta sake karantawa daga sama.

"Mubina," ta ce. Rabon da ta kira ni da sunana har na manta. "Sun ce mai katin ta gaya wa banki ba ita ta sayi tikitin ba. Sun ce sata ake zargi. Sun dakatar da tikitinku, ke da Baba."

"Wace mai katin?"

"Ke."

Na zauna a kan dilar atamfa, kasuwa ta yi mini nisa, ina ganin bakin mutane na motsi ba na jin komai. Laraba, Alhamis, Juma'a. Na lissafa da yatsu har sau biyu ko zan samu wata rana a ɓoye a tsakani. Tsoro ne ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ba na asarar kuɗi ba, na cewa da bakina na sauke ubana daga jirgi.

Da na koma banki ban ɗaga murya ba, muryar ma babu. Jiya ya fito da kwafin fom ɗin ya fassara mini layi-layi. Akwatin da ya yi wa alama yana cewa ba da izinina aka taɓa katin ba, wani ne ya yi amfani da shi. A ƙasansa, tazarar da ba ta kai faɗin farce ba, akwai wani akwatin da ke cewa ni na saya, amma an cira sau biyu.

"Madam, na tambaye ka fa. Ka ce ba ka yarda ba. Har sau biyu."

"Nufina ban amince da zaluncin ba."

"A banki, ban yarda ba, shi ne ba ni na yi ba."

Shi ma fuskarsa ta nuna ya tsorata. Ya ce takardar ta riga ta wuce babban ofis a Legas, daga can ta tafi wajen waɗanda suka yi katin a ƙasar waje, kuma irin wannan bincike yakan kai kwana arba'in da biyar na aiki. Hanya ɗaya ce ta rage. In rubuta wasiƙa in janye maganata, in faɗi wanne ne na gaskiya a cikin cirar biyu, wanne ne maimaici. Amma in na nuna ba daidai ba, za a ƙwato kuɗin da tikitin ke tsaye a kansa, tikitin ya mutu gaba ɗaya.

"Kai ba ka gani a kwamfutarka?"

"Ina ganin biyu. Wanda kamfani ya lika wa tikiti, su ne suka sani."

Kamfanin kuwa sun daina magana da ni, don a littafinsu ni ce matar da aka sace wa kati, ko kuma ni ce ɓarauniyar. Jiya ya ce in kawo wasiƙa gobe kafin sha biyu. Na fito ina kallon alat biyun nan a waya, kamar ƙwai biyu a faranti, babu abin da ya raba su. Zuciyata na cewa ai na farko ne na gaskiya, ko yaro ya san na biyu shi ne ƙari. Amma na kasa zama in rubuta.

Na isa gida bayan azahar. Baba na zaune a baranda kan tabarma, jakarsa a gefe. Tun ranar Lahadi ya haɗa ta, kullum sai ya buɗe ya sake jera kaya. Maƙwabta biyu na tashi ke nan, sun zo yi masa Allah ya kiyaye hanya. Na gaishe shi na wuce ciki da sauri. Likita ya ja mini kunne cewa kada a kawo masa labarin da zai girgiza shi, saboda haka na yanke shawarar ba zai ji ba. Na dafa masa faten doya ba gishiri sosai, na kai masa, na koma kicin na tsaya ina kallon tukunya.

Bayan la'asar ya kira ni.

"Uwata, zo zauna nan."

Na zauna a bakin tabarma.

"Ɗazu ina jin ki da mai keke a ƙofar gida. Ya faɗi kuɗi, kika biya, ba ki ce uffan ba." Ya tsaya ya ja numfashi. "Tun kina firamare ban taɓa jin haka ba. Wa ya mutu?"

Na yi niyyar in ce ba komai, kuka ya riga ni. Na gaya masa duka, tun daga alat har zuwa akwatin, idona a kan ƙirjinsa, ina kallon yadda rigarsa ke hawa da sauka, ina jiran in ga ta tsaya. Na riga na shirya ihun da zan yi. Shi kuwa ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Miƙo mini tabarau. Ki kawo takardun da kika buga, duka, har wadda kike ganin ba ta da amfani."

Shafi uku ne na tikitin aka buga mini a shagon kwamfuta. Na farko mai sunayenmu da ranar tafiya shi nake ta lallaɓawa a cikin leda. Sauran biyun, masu ƙananan rubutu kamar tururuwa, suna ƙasan jakata sun yamutse, har man shafawa ya taɓa ɗaya. Baba ya shimfiɗa su a kan gwiwa ya goge da tafin hannu.

"Tikiti ba ya yawo shi kaɗai," ya ce. "A tasha in na yage wa fasinja nasa, gindin yana nan a littafina, lamba ɗaya a jikinsu. Ko shekara ta yi, in ka kawo rabinka zan nuna maka rabina. Jirgin sama ma ai jirgi ne."

Ya ɗora yatsa yana bin layi ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana tsayawa ya huta. Ni dai ina durƙushe ina addu'a a zuci. A can ƙasan shafi na uku yatsan ya tsaya a kan wata lamba mai alƙaluma shida.

"Karanto mini lambar da ke wutsiyar alat na farko."

Na karanta. Ya girgiza kai.

"Na biyun fa?"

Na karanta. Ya buga takardar da yatsa sau biyu, yadda na sha ganin yana yi a tagar tasha ina yarinya.

"Wannan ne naki. Na farkon ne baƙo."

Da na bi zuciyata, da gobe na kai wasiƙar da za ta kashe tikitin da hannuna, karo na biyu. Kuma mutumin da na ɓoye wa maganar shi ne kaɗai a gidan da ya san inda ake dubawa.

Washegari ya ce ƙafarsa ƙafata. Na roƙe shi ya zauna, ya ce shekara talatin da biyu yana bayan kanta, ya san yadda ake magana da na bayan kanta. Shi ya rubuta wasiƙar da rubutunsa na tsofaffin akawu, mai kwanciya gefe guda, ni kuma na sa hannu bayan ya sa an karanta mini ita sau biyu. Matakala huɗu ce a ƙofar bankin, mun fi minti biyar muna hawa. Jiya na ganin sa ya miƙe ya ba shi kujerarsa, ya ɗauki takardun ya shiga wajen manaja da gudu-gudu. Aka cike sabon fom, wannan karon alama a akwatin ƙasa. Aka yi ta waya da Legas. Da za mu tafi Jiya ya rako mu har bakin titi yana cewa, "Baba, ka yafe ni, da na tambaye shi da kyau." Shi ɗin ni ce.

Daga nan sai jira. Alhamis ta wuce ba labari. Ranar Juma'a ban je kasuwa ba, na zauna da waya a hannu, in ta yi duhu in taɓa ta ta yi haske. Duk babur ɗin da ya wuce sai na ji kamar ƙararta ce. Ana kiran sallar Juma'a ta yi ringi, wata mata daga kamfanin jirgin, Bahaushiya ce ma, muryarta a natse.

Ta ce banki ya janye ƙorafin, tikitinmu ya dawo. Kafin in gama hamdala ta ce amma. Lokacin da aka dakatar da mu an saki kujerunmu, an sayar. A jirgin gobe kujera ɗaya ce ta rage. Ɗayar sai Laraba.

"Hajiya, aikin Litinin ne," na ce. "Mutum ne mai ciwon zuciya. Bai taɓa hawa jirgin sama ba. Ku duba dai, ko a tsaye ne ni zan tafi."

"Na duba, wallahi. Ɗaya ce. In kuna so in mayar da ku duka Laraba, sai ku tafi tare. Amma ki ba ni amsa yanzu, don kujerar ba za ta jira ba."

Na riga na tambayi asibitin tun ranar Laraba, sun ce in muka rasa Litinin sai bayan mako bakwai. Baba na zaune a gefena da farar rigarsa ta Juma'a, ya ji komai don na buɗe muryar wayar. Na tuno shi a matakalar banki. Na hango shi a wani babban filin jirgi shi kaɗai, ba Larabcin kasuwa, ba mai riƙe masa jaka. Na hango ana tura shi ɗakin tiyata ya waiga bai ga kowa nasa ba. In wani abu ya faru, a bakin baƙo zan ji.

"Asibitin sun ce za su turo mota da tafinta," Baba ya ce a hankali. "Takardar likita tana jaka. Allah yana can kamar yadda yake nan." Ya juyo ya dube ni sosai. "Amma ba zan tafi ki zauna kina cin kanki ba. Uwata, kin yarda in tafi ni kaɗai?"

Kalmar nan tawa ta taso har maƙogwaro, don ita bakina ya saba da ita, kuma wannan karon da gaske nake nufin ta. Babu tsakiyar da za a haɗu. Matar na kan layi tana cewa, "Hajiya, kina ji na?"

"Na yarda, Baba," na ce. Sannan na ba matar sunansa, harafi-harafi.

Nawa tikitin aka mayar Laraba. Ranar Asabar na raka shi Abuja. Wani ma'aikaci ya ɗora shi a kujera mai taya, ya tura shi ta ƙofar da ba a bari mai rakiya ya wuce. Baba ya ninke tikitinsa ya sa a aljihun gaba, ya dafe da hannu. Bai waigo ba, na san kuma don ni ya ƙi waigowa. Na yi kuka daga nan har Suleja.

Litinin na buɗe shago don zaman gida zai haukata ni. Ban sayar da ko ƙyalle ba. Wani dillali ya zo ya faɗi kuɗin kaya, ya tsaya yana jiran abin da ya saba ji, da ya ga ina kallon sa kawai ya kwashe kayansa ya yi gaba. Rose ta bar shagonta ta dawo nawa ta zauna, tana addu'arta ina tawa. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, tafintan bai ce komai ba.

Wajen ƙarfe biyar waya ta yi ƙara. Na zabura har na ture kwalbar ruwa. Alat ne. Banki ya mayar da dala dubu ɗaya da ɗari huɗu da sittin, kuɗin da na tayar da duniya a kansu. Na kife wayar a kan tebur, ban ji komai ba.

Ba a jima ba ta sake ƙara. Wannan karon na kasa taɓa ta.

"Rose, duba mini."

Ta ɗauka, ni kuma na kafa wa fuskarta ido, don a nan zan fara karantawa. Ta daɗe tana kallo. Ta sa bayan hannu ta goge ido, sannan ta juyo mini da wayar.

Tafintan ne. Ya ce an gama, Baba ya farka, bai iya magana ba tukuna saboda robar da ke bakinsa, amma ya yi alama a ba shi biro. Ga hoton takardar a ƙasa. Rubutun ya karkace, ya hau ya sauka, amma nasa ne, mai kwanciya gefe guda.

"Uwata, ranar Laraba ki karanta kafin ki sa hannu."

Na zame daga kan kujera na zauna a ƙasa tsakanin dilolin atamfa, ina dariya ina kuka, Rose kuwa ta tashi ta janyo mana ƙofar shago.